Di Renjie, alkalin da ya amsa laifin da bai yi ba

A farkon shekarar 692 a birnin Luoyang na kasar Sin aka kama wasu manyan fadawa bakwai da zargin wai suna kitsa juyin mulki, uku a cikinsu wazirai ne. Daya daga waziran nan tsohon alkali ne da ya haura shekara sittin, ya san dokar kasar ciki da bai, kuma babu abun da ya aikata. Amma tambayar farko da aka jefa masa, tun kafin a dauko sanda, sai yace eh gaskiya ne, ya yi. Sunansa Di Renjie. Ni a ganina duk mai son gane mutumin nan to daga wannan amsar zai fara, ba daga fina-finan Chaina da suka maida shi dan sandan ciki mai tsalle kan rufin gidaje ba.

An haife shi a 630 a Taiyuan, arewacin Sin, zamanin daular Tang. Ba dan talaka bane, kakansa babban jami'i ne a fadar Sarki Taizong, babansa kuma ya rike gwamnan yanki. Ya ci jarrabawar shiga aikin gwamnati, bangaren haddar littattafan Konfushiyas, babban malamin tarbiyya na Sinawan da, wadda a lokacin ba ita ce mafi daraja ba, aka tura shi karamin aiki a Bianzhou, garin da yanzu ake kira Kaifeng. Tun a can aka fara yi masa sharri. Wanda ya zo duba maganar shine Yan Liben, minista ne amma duniya ta fi saninsa da zane, da ya zauna da yaron sai ya ga ba wai kawai bashi da laifi ba, irin mutanen da gwamnati ke nema ne ruwa a jallo, ya sa aka maida shi jami'in shari'a a Bingzhou, wato yankinsu.

Kafin a ci gaba sai an dan fahimci irin shari'ar da ake yi a Tang, dan ba wai sarki ne ke tashi da safe ya yanke abun da ya ga dama ba, akalla dai a takarda. Suna da kundin doka mai sashe kusan 500, an yi masa cikakken sharhi a 653, kuma daga baya Japan da Koriya da Biyetnam duk sun debo daga cikinsa. Hukunci iri biyar ne, bulala da karamar sanda, bulala da babbar sanda, aikin karfi na shekara 1 zuwa 3, kora zuwa nesa, sai kisa. An yarda a daki wanda ake tuhuma dan ya fadi gaskiya, amma da iyaka, kada ya wuce zama uku, tsakanin kowane zama kwana 20, jimillar duka kada ta haura 200. Alkalin da ya yanke wa mutum hukuncin da ya fi laifinsa, ko ya sassauta ba bisa ka'ida ba, shi ma doka na hawa kansa. Taizong ma har ya kafa cewa hukuncin kisa a babban birni sai an maimaita kawo masa shi sau biyar kafin a zartar, saboda ya taba kashe wani jami'i cikin fushi ya dawo yana cizon yatsa. Toh dokar kenan. Matsalar ita ce sarki yana saman dokar, kuma duk rayuwar Di Renjie a wannan dan tsakanin ta gudana, tsakanin abun da aka rubuta da abun da mai gari ke so yau.

A 676 yana aiki a babbar kotun daula, kuma nan ne labarin da aka fi yayatawa ya fito, wai cikin shekara daya ya warware shari'ar mutum 17,000 da suka taru, babu ko daya da ya dawo yace an zalunce shi. In ka lissafa kusan mutum hamsin kenan a rana, ba hutu. A tuna fa kotun nan yawanci takardu take dubawa, hukuncin da aka yanke a kasa ake aiko mata ta tabbatar ko ta gyara, dan haka ka cire hoton mutum yana bin sawun mai kisa da dare, ka sa hoton dattijo a zaune gaban tarin takardu yana karatu har ido ya yi ja. Lambar ma marubuta tarihin Sin ne suka bada, su kuma suna son zagayayyen yabo. Abun da za a rike shine ya yi suna da saurin aiki da rashin son kai.

A shekarar ne kuma aka yi rikicin bishiya. Wani janar, Quan Shancai, da wani hafsa Fan Huaiyi suka sare bishiya bisa kuskure a harabar kushewar Taizong. Dansa Sarki Gaozong ya hau dokin zuciya yace a kashe su. Di yace doka bata ce kisa ba, korarsu daga aiki tace. Sarki yace sun maida shi dan da bai kula da kabarin ubansa ba, wanda a al'adarsu babu zagin da ya fi wannan, har ya kore shi daga gabansa, Di ya ki fita. Ku duba yadda ya bullo wa abun. Bai ce sarki azzalumi bane, bai ce bishiya ai bishiya ce ba. Ya kawo labarin wani alkalin zamanin daular Han da ya taba ja da nasa sarkin, ya tambaya, in an kashe mutum kan bishiya daya to ranar da wani ya debi kasar kabarin kanta wane hukunci ya rage? Sannan yace abun da yake tsoro shine mutanen baya su ce Gaozong ya kashe janar saboda itace. Wato ya nuna wa sarki cewa sunansa ne zai baci. Aka fasa kisan, aka kore su zuwa can kudu, shi kuma bayan 'yan kwanaki aka daga shi zuwa ofishin masu sa ido kan jami'an gwamnati. Wannan salon shi ya rike har ya mutu, baya gaya wa mai mulki ka ji tsoron hakkin mutane kawai, sai ya nemo inda hakkin mutane ya hadu da amfanin mai mulkin ya danna wajen.

A wannan ofishin ya kayar da manya biyu, Wei Hongji da ya gina wa sarki fadoji na kece raini a Luoyang, da Wang Benli dan gaban goshin sarki da kowa ke shakka.

Sai duniya ta juya. Gaozong dama ya dade yana fama da ciwo, matarsa Wu Zetian ce ke jan ragama tun wajen 660. Da ya rasu a karshen 683 dansu Li Xian ya hau, bai cika wata biyu ba uwar ta tube shi ta tura shi can wani lungu, ta dora kaninsa Li Dan da sunan sarki kawai. Aka yi mata tawaye a Yangzhou a 684, ta murkushe, daga nan ta daina yarda da kowa. A 686 ta sa aka kera akwatin tagulla wanda kowa zai iya jefa takardar kai karar wani, mai kawo tsegumi daga kauye gwamnati ce ke bashi doki da abinci har fada, in maganarsa ta zama karya ba a yi masa komai. Kun san irin mutanen da wannan tsarin zai haifar. Su Zhou Xing da Lai Junchen suka samu wajen zama, mutanen da sana'arsu ita ce kirkirar laifi da matse mutum har ya ambaci sunan wasu.

Di a wannan lokacin yana yawon rike yankuna. A Ningzhou, can Gansu, ya zauna lafiya da Sinawa da sauran kabilun wajen har suka kafa masa dutsen tunawa. A 688 aka tura shi rangadi kudancin kogin Yangtze, ya tarar da gidajen tsafi da wuraren bauta ko'ina, ya sa aka rushe wajen 1,700, iri hudu kawai ya bari na wasu magabata da gwamnati ta yarda da su, ciki har da Yu, sarkin da ake cewa shi ya shawo kan ambaliya. Na kawo wannan ne dan kada wani ya dauka mutumin sanyin hali ne da shi a komai. Dan boko ne na gidan Konfushiyas mai ganin shi ya san abun da ya dace da talaka, bai tambayi mutanen kauyukan nan ko suna son wuraren bautarsu ba.

Amma abun da ya faru a Yuzhou a shekarar shine ya nuna ainihinsa. Li Zhen, dan Taizong, ya daga tutar tawaye a can, cikin 'yan makonni aka gama da shi. Aka nada Di gwamnan yankin, ya iso ya tarar an jera mutum dari shida zuwa bakwai za a kashe, wasu 5,000 za a maida su bayi, 'yan aike daga fada suna ta matsa lamba a zartar. Ya rubuta wa Wu takarda a asirce, yace in ya yi magana a fili za a ce yana kare 'yan tawaye, in ya yi shiru kuma ya bar ta ta kashe mutanen da tilasta su aka yi, abun da ba shine nufinta ba. Kun ga salon nan dai, ya bata kofar fita ba tare da ta ji kunya ba. Ta maida hukuncin kora zuwa Fengzhou a iyakar arewa. A hanya ayarin ya bi ta Ningzhou, dattawan garin suka fito suka ce musu ai gwamnanmu Di ne ya cece ku, aka taru gindin dutsen nan ana kuka.

Da kwamandan sojan gwamnati kuwa bai yi wannan lallamin ba. Zhang Guangfu waziri ne, sojojinsa sun cika garin suna neman a basu kaza a basu kaza, suna karkashe mutanen da suka riga suka mika wuya dan a kirga musu a matsayin bajinta. Di ya hana su komai. Da Zhang ya taso masa sai ya gaya masa ido da ido cewa Li Zhen daya ne ya tada fitina, yanzu ya mutu amma irin aikin sojojinka ya haifi Li Zhen dubu goma, har yace da zai samu takobin sarki da ya dora a wuyansa ko da shi ma zai mutu. Zhang ya koma fada ya kai kararsa, aka rage masa matsayi zuwa wani yanki a Hubei. Wannan karon bakinsa ya ja masa.

A 690 Wu ta daina boye-boye, ta sauke sunan Tang ta kafa daularta mai suna Zhou, ta zama mace daya tilo a tarihin Sin da ta hau gadon sarauta da sunan kanta. A 691 ta dauko Di ta bashi waziri. Kalmar waziri na iya rudar da mu, dan a masarautunmu mutum daya ne ke rike da ita, a can kuwa kwamiti ne, ana iya samun mutum biyar ko fiye a lokaci daya, ana daukar mataimakin minista a lika masa wani lakabi shikenan ya shiga zauren shawara. Wu ta yi wazirai gommai a mulkinta, da yawansu kisa ko kora ce karshensu. Kujera ce mai zafi. Ranar da ta nada shi ta tambaye shi ko yana son sanin wanda ya kai sukarsa lokacin Yuzhou, yace a'a, in ta ga ya yi kuskure zai gyara, in ta ga bai yi ba ya gode, amma gara kada ya san sunan. Ana kawo wannan a matsayin kyan hali, kuma hakane, sai dai akwai wayo a ciki, a fadar da kowa ke farautar kowa ya nuna mata shi bashi da jerin sunayen da yake jiran rama wa.

Bai yi wata hudu a kujerar ba Lai Junchen ya cafke shi. Ga abun da ya sa ya amsa laifi: akwai umarnin da ke cewa wanda ya amsa a tambayar farko za a iya sassauta masa daga kisa. Di ya san wancan iyakar ta bulala 200 babu mai kallonta a kurkukun Lai, ya ga yadda ake fito da gawarwaki, ya lissafa cewa in ya tsaya gardama zai mutu a hannunsu kuma a rubuta ya amsa din dai. Sai yace sabuwar daula ta zo, komai ya sabunta, shi tsohon bawan Tang ne, ya yarda a kashe shi, tawaye gaskiya ne. In ka duba da kyau babu wani aiki da ya ambata ya yi. Amma da wani mukarrabin Lai, Wang Deshou, ya lallabo yace tunda kai ka tsira ka taimaka ka sako sunan Yang Zhirou a ciki dan in samu karin girma, sai dattijon nan ya tashi ya gwara kansa da ginshiki har jini ya wanke masa fuska, Wang ya tsorata ya bashi hakuri. Kansa zai iya yi wa karya, wani ne ba zai yi wa ba.

Tunda ya amsa sai tsaro ya yi sako-sako. Ya yagi kyalle daga abun rufarsa ya rubuta kokensa, ya cusa cikin audugar rigar sanyinsa, yace wa Wang zafi ya fara, a kai rigar gida su cire audugar. Dansa Di Guangyuan ya farke rigar ya ga rubutun ya garzaya fada. Nan ma ba a gama ba fa. Wu ta tambayi Lai, yace ai suna nan lafiya da rigunansu da hulunansu, ta tura jami'i ya dubo, jami'in tsoro ya hana shi ko daga ido ya kalle su sosai, Lai kuma ya sa aka kirkiri takardun bankwana da sunan fursunonin wai suna godiya da hukuncin kisa. Wanda ya fasa kwan wani yaro ne da bai kai shekara goma ba, dan tsohon waziri Le Sihui da aka kashe, shi kuma aka maida shi bawa. Ya nemi ganin sarauniya yace mata ta zabi duk wanda ta fi yarda da shi a fada ta mika wa Lai ta gani in bai amsa tawaye ba. Sai ta kira su da kanta. Ta tambayi Di me ya sa ka amsa, yace da ban amsa ba da tuni na mutu a karkashin sanda. Ta nuna masa takardar bankwana yace bai rubuta ba.

Toh ta gane sharri ne, sai me? Bata maida su kujerunsu ba, bata taba Lai ba. Ta dai bar su da ransu, Di aka tura shi hakimin wata karamar gunduma, Pengze, a Jiangxi. Wannan ya nuna Wu ba yaudararta ake yi ba kamar yadda wasu ke son cewa, ta san karen da take kiwo, tana bukatarsa ne. Sai a 697 da Lai ya fara kai hannu kan danginta da 'yarta sannan ta bada shi aka kashe, jama'a suka yi kaca-kaca da gawar a kasuwa.

Yaki ne ya dawo da Di. A 696 kabilar Kitan suka yi bore suka kwararo Hebei, aka nada shi gwamnan Weizhou. Gwamnan da ya gabace shi ya tattaro manoma kaf ya cusa su cikin ganuwa suna gyaran katanga, gonaki na lalacewa. Di yace abokan gaba suna nesa, kowa ya koma gonarsa, in sun zo shi zai dauki alhaki. Basu zo ba. A 697 ya koma waziri.

Ba komai ya fada aka dauka ba, kuma ba komai ya fada ne daidai ba. Ya rubuta doguwar takarda yana cewa a janye sojoji daga garuruwa hudu na can yamma, su Kucha da Kashgar da Khotan, wadanda aka kwato daga hannun Tibet a 692, a bar wa wani basaraken Turkawa ya rike, haka ma bangaren Koriya. Hujjarsa talaka ne ke biyan kudin, ana kwasar samari ana kai su hamada kan kasar da bata noma bata biyan haraji. Maganar tausayi ce, amma garuruwan nan su ne makullin hanyar fatauci ta yamma, in ka saki Tibet ce zata dauka ta matso kofar gidanka. Wu ta ki, kuma ina ganin a nan ita ta fi shi hangen nesa. Sannan yana da girman kai. Ya raina abokin aikinsa Lou Shide, yana ta kokarin a tura shi waje, har ranar da Wu ta tambaye shi ko Lou ya iya gane mutane, yace shi bai gani ba, sai tace ai shi ya kawo min sunanka. Ya fita yana jin kunya.

Babban aikinsa shine maganar magaji, a 698. Wu ta haura saba'in, kuma ta shiga wani tarko da ita ta hada wa kanta. Daularta ta gidan Wu ce, amma 'ya'yanta na cikinta 'yan gidan Li ne, dan da ubansa ake kirga shi. In ta ba danta, daular Zhou ta mutu da ita. In ta ba 'ya'yan 'yan uwanta maza, Wu Chengsi ko Wu Sansi, sunan gidan ya dore amma ita gwaggo ce kawai a wajensu. Di bai tsaya yi mata wa'azin halaccin Tang ba, dan wannan maganar ta ci kawunan mutane da yawa. Tambayarta ya yi, tsakanin da da uwa, da kuma gwaggo da dan dan'uwanta, wa ya fi kusa? Yace in danki ya gaje ki za a ajiye sunanki a dakin magabata ana miki hadaya har abada, amma ba a taba jin sarkin da ya sa gwaggonsa a dakin magabatansa ba. A imaninsu mamacin da ba a yi wa hadaya yunwa yake zama da ita a lahira, dan haka wannan ba karamar barazana bace ga tsohuwa. Tace wannan maganar gidana ce kada ka shiga, yace mai mulkin duniya ai duniyar ce gidansa, kuma shi waziri ne, dole ya shiga.

Sai dai a yi adalci, ba shi kadai bane kuma ba shi ya fara ba. Wani waziri Li Zhaode ya yi mata wannan hujjar ta gwaggo shekaru kafin nan. Ji Xu kuma ya bi ta wajen samarinta biyu, Zhang Yizhi da Zhang Changzong, ya tsorata su cewa ranar da ta mutu sun shiga uku in basu yi wa gidan Li wani alheri ba, su kuma suka rika yi mata rada a daki. Sannan ga Turkawa, sarkinsu Kapagan ya nemi a aura wa 'yarsa yarima, aka tura masa dan gidan Wu, yace shi dan gidan Li ya nema, ya tsare yaron ya afka wa Hebei. An dawo da Li Xian Luoyang a farkon shekarar, aka nada shi yarima mai jiran gado a wata na tara. Tarihi ya ce an fi wata ana neman sojan sa kai ba a samu dubu ba, da aka ce yarima ne kwamanda sai ga mutum 50,000. Wu ba wawuya bace, ta karanta abun da wannan ke nufi. Abun da Di ya kara a kai shine shi ne mutumin da take iya jin maganar daga bakinsa bata ga makirci a ciki ba.

Di ne ya jagoranci rundunar a aikace, amma kafin su kai Turkawa sun yanka dubban mutanen da suka kama sun koma. Aka bar shi da gyaran Hebei, inda mutane da yawa suka gudu daji dan tsoron za a ce sun yi wa abokan gaba aiki. Ya sake rokon afuwa gare su, hujja iri daya da ta Yuzhou, wanda aka tilasta ba dan tawaye bane, in ka matsa masa ne zai zama. Haka ya tsaya wa janar biyu na Kitan da suka mika wuya, Li Kaigu da Luo Wuzheng, kowa na cewa a kashe su, shi yace a basu aiki, a 700 su suka je suka gama da ragowar 'yan boren.

A shekararsa ta karshe Wu ta so gina wani katon gunkin Buda, har an ce kowane malamin addinin ya rika bada kwabo daya kullum. Yace mata aljanu ba za su yi ginin ba mutane ne, kayan kuma ba daga sama za su fado ba daga jikin talaka za su fito, ta dakatar. Lokacin bata kiran sunansa, dattijon kasa take ce masa, ta hana shi durkusa mata tace in ta ga ya durkusa ita jikinta ke ciwo. Ya nemi ritaya ta ki. Ya rasu a 700 yana da shekara 70, ta yi kuka tace fada ta zama kango.

Yanzu tambayar da ake ta ja a kai, shin mutumin Tang ne da ya shiga rigar Zhou yana yi mata zagon kasa? Masu wannan ra'ayin hujjarsu mutanen da ya kawo. Ya nace mata kan wani tsoho Zhang Jianzhi, ta bashi mukami a Luoyang, ta sake neman mutumin kirki yace ai na baki, tace na daga shi, yace waziri na kawo miki ba mataimakin gwamna ba. Huan Yanfan da Jing Hui da Yao Chong duk ta hannunsa suka biyo. Kuma a farkon 705, Wu na kwance ba lafiya, Zhang Jianzhi da Huan da Jing da wasu biyu suka shiga fada da sojoji suka sare samarin nan biyu, suka sa ta sauka, Tang ta dawo.

Ni dai ban sayi maganar ba. Shekara fiye da hudu da mutuwarsa aka yi juyin, Zhang ma sai a 704 ya zama waziri, kuma Yao Chong ne ya sake tuna wa Wu da shi. Sannan wadanda suka rubuta mana tarihin nan, daga kundin Tang na 945 da na 1060 har zuwa Sima Guang a 1084, maza ne 'yan gidan Konfushiyas da mulkin mace ya tsaya musu a makogwaro. Ga mutumin kirki da ba za su iya zagi ba, ga shi kuma ya yi wa matar nan hidima har ya mutu a kujerarta, hanya mafi sauki ita ce a ce ai dama da biyu yake yi. Abun da ayyukansa ke nunawa ya fi wannan sauki kuma ya fi nauyi, ya yarda ita ce mai mulki, ya yi mata aiki tsakani da Allah, maganar magajin ma a gabanta ya fada ba a bayan ido ba. Kudin da ya biya shine ya zauna cikin gwamnatin da ta karkashe 'yan gidan Li da daruruwan jami'ai, ya ceci wanda zai iya, sauran yana kallo. Ko a gidansa ba komai ya gyaru ba, dansa Guangsi ya yi aikin kirki har Wu ta yaba, amma wani dan, Jinghui, da aka tura aiki Weizhou zalunci da hadama ya yi har mutanen garin suka farfasa wurin tunawar da suka gina wa uban da hannunsu.

Shi kuwa Di mai binciken kisa, daga baya can aka kirkiro shi. Wani marubucin zamanin daular Qing da ba a san sunansa ba ya dauki sunan ya dora masa labaran gano masu laifi, sai wani jami'in diflomasiyyar Holan, Robert van Gulik, ya fassara shi zuwa Turanci a 1949 ya kuma ci gaba da rubuta nasa har ya mutu a 1967, daga nan 'yan fim suka karba.

Mutanen da ya kawo din basu ji dadin nasararsu ba. Sun cire Wu amma sun bar Wu Sansi, shi kuma ya shige jikin sabon sarki da matarsa, cikin 'yan watanni aka basu sarautar yarima ta jeka-na-yi-ka aka kwace ikon hannunsu. Wu Zetian ta rasu a karshen 705. A 706 aka kori su biyar din zuwa kudu, Zhang Jianzhi da Cui Xuanwei suka mutu a can, Huan Yanfan da Jing Hui da Yuan Shuji kuma aka bi su da dan aike ya yi musu kisan wulakanci. Wu Sansi shi ma shekara daya ya kara, a 707 dan sarkin ya kashe shi a gidansa.